Kwana Ukun da Firiza Ta Mutu

A tashar motocin Abuja da ke Kafanchan suka fara haɗuwa, wata Talata da rana tsaka. Magdalene ta sauko daga mota rungume da wata farar kula da aka naɗe da salatif ta ko'ina. Jakar kayanta tana but ɗin motar, ko waiwayar ta ba ta yi ba.

Wani dogon saurayi riƙe da hular kwano ya tare ta.

"Ke ce Magdalene? Sunana Obadiah, daga cibiya aka turo ni. Kawo in riƙe miki."

"Na gode. Wannan ba a riƙe mini."

"Jariri ne a ciki?"

"Jariri ai da sauƙi, in zafi ya dame shi kuka zai yi. Wannan shiru kawai zai yi ya mutu, ba wanda zai sani."

Ya yi dariya, ya je ya ɗauko mata jakar ya ɗaure a bayan babur. Tun daga tasha har bayan gari a hankali ya riƙa tuƙi yana kauce wa kowane rami, 'yan acaba suna ta yi masa hon. Ita kuwa tana baya da kularta a cinya, ta tsinci kanta tana murmushi ba tare da ta san dalili ba.

Magdalene 'yar Madakiya ce, tana karatun digiri na biyu a kan sinadaran jikin ɗan Adam. An ba ta gurbin yin gwajinta a wata ƙaramar cibiyar binciken tsirrai da ke wajen gari. Obadiah kuwa ɗan Gwantu ne, shi ke kula da na'urorin ɗakin gwaji, da janareta, da babbar firizar da sanyinta ke kai digiri tamanin ƙasa da sifili.

Da suka buɗe kular, hayaƙin busasshiyar ƙanƙara ya taso. A tsakiya akwai wata 'yar kwalba da ba ta kai ƙaramin yatsa ba.

"Duk wannan rigimar a kan wannan?" in ji Obadiah.

"Wata takwas na jira shi," ta ce. "Enzayim ne, sunansa p38. A cikin ƙwayoyin jikinmu shi ke isar da saƙo cewa a fara kumburi. A ƙasar waje ake ɗaukar ƙwayar gadon ɗan Adam a dasa a cikin bakteriya, su riƙa ƙera shi, a tace, a aiko wa masu bincike. Wata gidauniya ce ta ba ni, kuma sau ɗaya suke bayarwa."

"Wato ɗan aike ne."

"Ɗan aike ne. Mamata gwiwoyinta suna kumbura, in ta sha ruwan citta sai ta ce ta ji sauƙi. So nake in gani ko akwai wani abu a cittar garinmu da ke tare wa ɗan aiken nan hanya."

A ranar suka raba shi cikin ƙananan kwalabe ashirin. Ita ke zubawa, shi yana riƙe da kwanon ƙanƙara yana rubuta lamba. Da ya rufe ƙofar firizar sai ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, Farfesa. Muddin ina nan zafi ba zai taɓa shi ba."

Sunan ya bi ta daga ranar. Ita kuma ta sa masa Mai Sanyi, saboda firizar, da kuma saboda ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Gwajinta na farko ya yi kyau. Na'ura ta nuna lambobi masu yawa, alamar enzayim ɗin yana aiki da ƙarfinsa. Ta yi tsalle a tsakiyar ɗakin, ta kama hannun Obadiah kafin ta tuna akwai mutane. Ran Lahadi bayan coci ya kai ta ruwan Matsirga, suka zauna a kan dutse suna cin rake, a can ya gaya mata abin da ke ransa. Ba ta ba shi wahala ba.

Duk ranar da ba ta shigo ba sai saƙonsa ya same ta.

"Farfesa, na duba ɗan aikenki, yana barcinsa lafiya a tamanin. Ni ne dai ɗakin nan ya yi mini girma yau."

Ita kuma ta mayar: "Mai Sanyina, ka ci abinci kuwa? Gobe zan zo maka da paten acca, Mama ce ta yi. Ta fara tambayata wa nake kai wa."

Mama Bridget ba ta da matsala. Matsalar tana wurin mahaifinta, Baba Gregory, wanda ya yi shekara talatin yana katikis a cocin Katolika na garinsu.

"Ɗan ina ne?" ya tambaye ta.

"Gwantu, Baba."

"Wane coci?"

"ECWA."

"Me ya karanta?"

"Babbar difloma yake da ita."

Baba Gregory ya cire tabarau ya ajiye. "Ke za ki zama dakta, ki auri mai tayar da janareta? Ga Dickson nan, ɗan abokina, ɗan cocinmu, yarenmu ɗaya, aikinku ɗaya. Ya riga ya zo ya gaishe ni sau biyu. Ki yi tunani."

Dakta Dickson shi ne mataimakin shugaban cibiyar. Bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, kuma bai ɓoye cewa yana son Magdalene ba. Ita dai tana girmama shi, iyakarta ke nan.

Makon Ista ya zo. Magdalene ta tafi gida, da niyyar ita da Mama su sake tunkarar Baba bayan an taso daga coci ran Lahadi. Obadiah shi ne mai tsaron na'urori a hutun, amma zuciyarsa tana wani wuri. Yana so ya je ya sanar da kawunnansa maganar Magdalene tun da za su taru a gida. Ya duba batiran sola ya ga a cike suke, ya ce wa kansa kwana ɗaya ba zai yi komai ba. Da safiyar Juma'a ya hau babur ya nufi Gwantu.

A yammacin ranar hadarin farko na shekara ya sauka da iska, ya kayar da turakun wuta. Gari ya wuni a lumshe ran Asabar, batira suka ƙare. A Gwantu kuwa babban kawunsa bai iso ba sai Lahadi, aka ce dole a jira shi. Obadiah bai dawo ba sai Litinin da hantsi.

Tun daga bakin ƙofa ya ji shirun. Ya buɗe firizar, ruwa ya zubo masa a takalmi. Ya ɗauki kwalba ɗaya cikin na Magdalene, ya ji ta ɗumi a tafin hannunsa.

Wayarsa ta yi ƙara, saƙonta ne: "Baba ya ce zai gan ka, bai ce ya yarda ba, amma zai gan ka. Na kasa zama don murna. Ya ɗan aikena?"

Ya tayar da janareta, ya goge ruwan, ya share gargaɗin da ke fuskar firizar. Kafin yamma komai ya sake daskarewa kamar ba abin da ya faru. Ya gaya wa kansa wataƙila enzayim ɗin bai mutu ba. Ya gaya wa kansa zai faɗa mata bayan ya ga Baba. Sannan ya rubuta: "Yana nan lafiya, Farfesa."

Da ta dawo ta fara ainihin aikin, da ruwan cittar da ta sha wahalar tacewa. Na'ura ta nuna kusan sifili, har a kwanon da ba ta sa citta ba. Ta sake, haka. Ta ɗauko sabuwar kwalba, haka.

"Obadiah, firizar nan ba ta taɓa tsayawa ba ko?"

Yana juya mata baya yana wanke kwalabe. "Ba ta taɓa ba."

Ta yarda nan take, ba ta sake tambaya ba. Tunda firiza lafiya take, to laifin nata ne. Ta zubar da duk ruwan haɗin da ta yi ta sake sabo. Ta sake auna komai. Ta riƙa shigowa kafin kowa, ta fita bayan kowa. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi, kwalabe ashirin suka koma shida.

A taron mako Dakta Dickson ya ɗaga takardar sakamakonta a gaban kowa. "Magdalene, enzayim ba ya mutuwa haka kawai. Hannu ne. Ba kowa aka yi don aikin ɗakin gwaji ba, kuma ba abin kunya ba ne." Bayan taro sai ya same ta ita kaɗai ya sassauta murya, ya ce in tana so zai ɗauke ta cikin nasa binciken, ta huta da wannan wahalar.

Ta fita bayan ɗakin gwaji, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta zauna ta yi kuka. Obadiah ya biyo ta ya zauna kusa da ita.

"Ni kam ba ni da kai," ta ce. "Duk garinmu ana cewa 'yar katikis za ta zama dakta, ashe ko auna ruwa ban iya ba. Ka daina kira na Farfesa."

"Kar ki ce haka."

"To me zan ce? Kai kaɗai ne ba ka raina ni ba a wurin nan."

Ya so ya faɗa mata gaskiya. Ya dubi fuskarta, ya ga yadda ta jingina da shi gaba ɗaya, sai tsoro ya rufe masa baki. Ya share mata hawaye da hankicinsa ya ce, "Zai yi, ki ƙara haƙuri."

A cikin watannin nan ta rame, ta bar zuwa ƙungiyar mawaƙan coci, ta rubuta takardar barin karatu ta ajiye a jaka tana jiran ranar da za ta samu ƙarfin miƙawa. Shi ma ya rame, ita kuwa ta ɗauka tausayinta ne.

Ta ɓangaren gida kuma abubuwa sun fara sauƙi. Obadiah ya je Madakiya sau uku, har ya taya Baba Gregory gyaran rufin rumbu. A ƙarshen Yuni tsohon ya ce, ba da son ransa ba, mutanen Gwantu su zo gaisuwa a watan gobe.

Kwana biyu da jin wannan labari Dakta Dickson ya kira Magdalene ofis. Ya tura mata takarda ɗaya a kan tebur.

"Na ji an sa rana. Na ga bai kamata ki shiga ba ki san wanda za ki aura ba."

Jadawalin sanyin firiza ne. Layin yana kwance a tamanin, sai ranar Asabar ɗin Ista ya fara hawa, ya hau har ya kai zafin ɗaki, ya zauna a can zuwa Litinin. Ta karanta sau biyu.

"Obadiah ba ya nan a kwanakin," in ji Dickson. "Gwantu ya tafi. Da ya dawo ya share gargaɗin, bai san firizar tana ajiye nata ba."

Ta sake duba ranakun da ke jikin takardar. Sannan ta ɗago.

"Dakta, yaushe ka ga wannan?"

"Ai in sanyi ya ragu saƙo take turowa wayata."

"Tun ranar Asabar ɗin ke nan."

Ya kau da kai.

"Kana ina ranar?"

"Ina gida. Amma tayar da janareta ba aikina ba ne, Magdalene. Kowa ya ɗauki nauyin aikinsa."

"Gidanka minti goma ne daga nan. Ka bar shi ya mutu. Sannan ka tsaya a gaban mutane ka ce hannuna ne."

"Ina so ki gane da kanki irin mutumin da..."

Ta ɗauki takardar ta fita, ba ta jira ya ƙarasa ba.

Ta sami Obadiah a ɗakin janareta yana canza mai. Ta miƙa masa takardar. Kallo ɗaya ya yi mata ya ajiye sifana a ƙasa.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Da ka kira ni ran Litinin ɗin ka ce, Magdalene, na yi kuskure, da na yi kuka, da na yi fushi na mako guda, da ya wuce. Kwalba ce." Muryarta ba ta tashi ba. "Amma na tambaye ka da bakina. Ka ce ba ta taɓa tsayawa ba. Wata uku kana kallona ina zagin kaina. Na ce maka ba ni da kai, ka ciro hankici ka share mini hawaye, alhali ka sani."

"Tsoro na ji kar in rasa ki."

"Sai ka gwammace ni in rasa kaina."

Ya sunkuyar da kai. Ta buɗe jaka ta ciro takardar barin karatun ta nuna masa.

"Ka ga wannan? Ran Juma'a na so in miƙa. Da ka bar ni na miƙa?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Shirun nan ya fi komai yi mata ciwo.

"Ka gaya wa mutanenka kar su zo," ta ce.

A ranar ta kwashe kayanta ta koma Madakiya. Ta shiga ɗaki, kwana huɗu ba ta fita ko tsakar gida ba. Abin da ke cin ta ba mutuwar enzayim ba ne. Duk wata kalma mai daɗi da ya faɗa mata tun Ista sai ta dawo mata da wani ɗanɗano daban. Ta buɗe wayarta ta bi saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya, ta kai kan "Yana nan lafiya, Farfesa," ta kife wayar.

Saƙo ɗaya kawai ya turo bayan haka: "Ba zan ce ki yafe mini ba, ban kai ba. Na rubuta wa shugaban cibiya duk abin da na yi, na kuma ce a karanta a taron mako, don kowa ya san hannunki ba shi da laifi. Ba zan dame ki da kira ba."

Ba ta amsa ba.

An karanta takardar. An dakatar da shi daga aiki wata shida. Shugaban ya bincika sauran maganar, ya gano saƙon da firizar ta tura wayar Dickson, ya karɓe kula da ɗalibai daga hannun Dickson, ya kuma ƙara wa Magdalene lokaci. Sai dai lokaci ba tare da enzayim ba bai da amfani, gidauniyar kuma ta ce sai wata shekarar.

Ran Asabar ta gaba Magdalene tana ɗaki ta ji ƙarar babur da ta sani. Ba ita ya nema ba. Ta taga ta hango shi durƙushe a gaban Baba Gregory a ƙarƙashin bishiyar lemo, yana magana kansa a ƙasa. Sun fi awa guda. Da ya tafi, tsohon ya shigo ya tsaya a bakin ƙofarta.

"Yaron nan ya yi miki mugun abu," ya ce. "Na gaya masa haka. Bai kare kansa ba ko sau ɗaya." Ya dafa ƙyauren. "Dickson ma ya zo jiya. Shi laifin wani ya kawo mini. Wannan nasa ya kawo. Ni da na riƙa tura ki wurin Dickson, ni ma ki yi haƙuri da ni."

Ba ta taɓa jin mahaifinta ya ba wani haƙuri ba. Ta rufe fuska da zane.

Damina ta yi nisa, aka shiga Satumba, ba labarinsa. Magdalene tana taya Mama aikin gonar citta, tana shafa mata man zafi a gwiwa. Wata rana suna zaune suna ɓare gyaɗa Mama Bridget ta ce, "Har yanzu kina son shi."

"Mama, ina son shi, shi ya sa abin ya ƙi wucewa. Yanzu in ya ce mini ana ruwa sai na leƙa waje."

"To ki leƙa. Ba wanda ya ce ki rufe ido. Amma ki bar ƙofa kaɗan, ki ga me zai yi da kunyar da ya ji."

A farkon Oktoba saƙo ya shigo da misalin ƙarfe tara na safe.

"Magdalene, wata uku ke nan ina aiki a ɗakin gwajin Farfesa Amatullahi a Abuja, ina gyara musu na'urori. Suna amfani da irin enzayim ɗinki. Na gaya mata abin da na yi, ta yarda ta ba ki kwalba huɗu daga nata. Ba don ki dawo gare ni ba ne, naki ne da na lalata. Mun taso yanzu, zan kai cibiya."

Ta karanta, ta ajiye, ta sake ɗauka. Ƙarfe goma sha ɗaya wani saƙon ya shigo.

"Mota ta lalace kafin Kagarko. Ƙanƙarar da suka ba ni ba ta da yawa. Ina sanar da ke ne don ki sani."

Ƙarfe ɗaya: "Har yanzu muna nan. Na naɗe kular da bargo na sa a inuwa. Ban buɗe ba."

Ƙarfe uku: "Na samu babur zuwa Kwoi, daga can zan nemi mota."

Ta yi wanka ta sa kaya. Mama ba ta tambaye ta inda za ta ba.

Biyar ta wuce lokacin da ya shigo cibiyar ya same ta tana jira, wandonsa duk jar laka, idanunsa sun faɗa. Ya ajiye kular a kan benci ya ja da baya. Ta yanke salatif ɗin. Ƙanƙarar ta kusa ƙarewa, 'yan gutsattsari ne suka rage a ƙasa, kwalba uku suna cikinsu, ɗaya ta gangara gefe.

"Wannan ta gefen ban yarda da ita ba," ya ce. "Sauran ma ban sani ba. Awa huɗu muka yi a tsaye cikin zafi. Ga takarda, na rubuta lokacin komai. In sun mutu, a hanya suka mutu, kar ki zargi hannunki."

Ta karɓi takardar. Ya rubuta har da minti ashirin ɗin da kular ta yi kusa da injin babur kafin ya lura ya matsar da ita. Ba wanda zai taɓa sanin wannan in da bai rubuta ba.

"Ka tafi ka huta," ta ce. "Gobe ƙarfe takwas zan gwada. In kana so ka zo."

Ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa tunda har yanzu a dakace yake. Ta yi komai da hannunta, a natse, yadda ta yi sau ba adadi a watannin baya. Da na'ura ta gama karatu, kwalbar gefen ta nuna rabi. Wadda ta ɗauko daga cikin ukun kuwa ta nuna lamba mai yawa kamar ta ranar farko. A kwanukan da ta sa ruwan citta, lambar ta riƙa sauka daidai da yawan abin da ta zuba.

Ta zauna a kan kujera tana kallon hannuwanta. Hawaye suka zubo, ba ta share ba, shi ma bai matso ba.

Can ta ce, "Ban gama fushi ba, Obadiah."

"Na sani."

"Wata rana zan tuna in sake jin zafi, ko bayan shekara goma ne."

"In kin tuna ki faɗa mini, zan saurara."

"Kuma duk ranar da ka ɓata wani abu, ko kofi ne, a ranar nake so in ji. Daga bakinka."

"A ranar za ki ji."

Ta dube shi sosai, karon farko cikin wata uku. "Ka ci abinci kuwa?"

Ya girgiza kai, ya juya fuska don kar ta ga idanunsa.

Ba a yi gaggawa ba. Ta gama gwajinta, ta rubuta kundinta, ta kare shi a gaban malamai aka tafa mata. Sakamakon bai ce citta magani ba ce, ya dai nuna akwai abin da ya cancanci a bi, Farfesa Amatullahi kuma ta ce tana son ta a digiri na uku. Obadiah ya koma aiki. Sai a lokacin Magdalene ta ce wa Baba mutanen Gwantu za su iya zuwa.

An ɗaura auren a cocin Madakiya wata Asabar a ƙarshen Nuwamba na shekarar da ta biyo. Fada, limamin cocin, ya ɗaura, faston su Obadiah ya yi addu'a, zumuntar mata ta Gwantu suka cika mota biyu suka zo da tulunansu na kiɗa da caki, suka haɗu da matan Katolika har ba a gane na wane coci ke jan waƙa. Mama Bridget ta manta da gwiwa ta shiga fili.

Da aka zo sa albarka, Baba Gregory ya sa su durƙusa a gabansa. Ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan surukinsa.

"Na ƙi yaron nan da farko saboda dalilan da ba su da nauyi," ya ce. "Daga baya ya ba ni dalili mai nauyi, sai kuma ya zo da ƙafarsa ya ɗauke shi. Obadiah, ga 'yata. Ka ga kukanta, ka san abin da ke kawo shi. Magdalene, kin yafe da idonki a buɗe, kar ki mayar da shi bulala. Ubangiji ya ba ku gida mai gaskiya, ya ba ku 'ya'ya masu tsoronsa, ya sa ku tsufa tare kuna iya kallon juna cikin ido."

Jama'a suka amsa da amin. Magdalene ta laluɓo hannun mijinta ta riƙe, suka miƙe tare, matan zumunta suka ɗauki waƙa suka raka su har bakin ƙofa.